'Yar aljihu ko 'yar gada: yadda za ka zaɓi kyamarar da ke jawo nesa kusa

Ɗan yayata ya same ni bayan la'asar, waya a hannu, ya buɗe mini hotunan kyamarori biyu da wani mai shago ya turo masa. "Kawu, wannan an rubuta mata 40x, wannan kuma 60x. Ai ta biyun ce gaba, ko?" Na shiga ɗaki na fito da nawa guda biyu, na ajiye a kan tabarma. Ɗaya ba ta wuce sabulun wanki girma ba. Ɗayar kuwa da ƙaton gilashi a gaba da tozo a sama, irin wadda idan ka rataya a wurin ɗaurin aure yara za su biyo ka suna a ɗauke su. Na ce ya sa kowacce a aljihun rigarsa. Ta farko ta shige ba ko alama, ta biyun ko bakin aljihun ba ta shiga ba. Sai na ce ya jawo mini kurciyar da ke kan katangar maƙwabci. Da ƙaramar ya yi ta laluben tsuntsuwar a sikirin, hannu na rawa, har ta tashi. Da ta dawo ya kanga babbar a ido, nan take ya kama ta.

Dukkansu iyali ɗaya ne: gilashinsu a haɗe yake da jiki, ba a cire shi a sa wani, kuma yana miƙewa ya jawo abin da ke nesa. Ƙaramar ita nake kira 'yar aljihu. Babbar kuwa a tallace-tallace za ka ga an rubuta mata bridge, wato gada, domin an yi ta ne ta tsaya tsakanin ƙananan kyamarori da manya na ƙwararru masu sauya gilashi. Zan kira ta 'yar gada. Lambar nan mai x da ta ɗauke wa yaron hankali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba, kuma ga yadda nake bi da duk wanda ya zo neman shawara.

Mataki na farko: tabbatar wayarka ta gaza

Idan abin da kake so hoton iyali ne a falo, ko na abinci, ko na kayan da kake sayarwa, riƙe kuɗinka. Waya mai kyau ta fi yawancin waɗannan kyamarori a cikin ɗaki da kuma da dare, saboda tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙyaftawa ɗaya ta haɗa su. Inda waya ke durƙusawa shi ne nisa. iPhone 15 Pro Max gilashinta mafi nisa 5x ne, Samsung Galaxy S23 Ultra kuma 10x. Abin da ya wuce nan, har 100x ɗin da ake talla, yanko tsakiyar hoto ne a buɗa shi, manhaja ta cike gurbi. In dai ka sha jawo abu da waya ka ga fuska ta zama kamar zanen fenti, to ka iso inda kyamarar zum take da amfani.

Mataki na biyu: auna nisan, sannan ka karanta milimita

Ɗauki takarda ka rubuta abubuwa uku da za ka fi ɗauka, kowanne da nisansa da lokacinsa. Kada ka rubuta "komai". Rubuta irin su: dawaki a hawan sallah daga cikin jama'a, taku hamsin, da yamma. Ɗana a filin ƙwallon makaranta, daga gefe, da hantsi. Tsuntsaye a fadama, da asuba. Wannan takardar ce za ta yi maka zaɓin.

Lambar x ba ta faɗin nisan da kyamara ke kaiwa. Rabawa ce kawai: mafi tsawon gilashi a raba da mafi gajartarsa. Panasonic FZ82 tana farawa daga 20mm ta ƙare a 1200mm, shi ya ba ta 60x. Canon SX50 HS ta 2012 tana farawa daga 24mm ta ƙare a 1200mm, sai aka rubuta mata 50x. Nisansu ɗaya ne, FZ82 dai ta fi buɗewa daga farko. Saboda haka lambobi biyu masu mm za ka nema, waɗanda aka auna da ma'aunin tsohon fim na 35mm, domin da su ake kwatanta kowace kyamara da wata. Ta farkon tana gaya maka faɗi: 24mm na ɗauke taro a zaure. Ta biyun tana gaya maka nisa.

Ga wani lissafi da na daɗe ina amfani da shi. Ninka nisan, a mita, sau 24, ka raba da milimitar. Abin da ya fito shi ne kimanin tsawon abin da zai cika hoton daga sama zuwa ƙasa. Mutum a tsaye a nisan mita 50: 50 sau 24, a raba da 720, ya ba da kusan mita 1.7. Ke nan 720mm, wanda yawancin 'yan aljihu masu 30x ke kaiwa, zai cika hoton da mutumin daga hula zuwa takalmi. Doki da mahayinsa a mita 40 kuwa 400mm ya ishe su. Kurciya a mita 30 wani zance ne: a 720mm wajen rubu'in hoton za ta ci, sai ka kai 2000mm za ta cika maka ido. Cikakken wata ma haka, rubu'i a 720mm, kusan kashi uku cikin huɗu a 2000mm, a 3000mm kuwa ya cika hoton fam.

Mutane da yawa idan suka yi wannan lissafin sai su ga 400mm zuwa 600mm suke buƙata, ba 2000mm ba. Masu buƙatar abin da ya haura 1000mm da gaske su ne masu bin ƙananan tsuntsaye da masu son wata da jiragen sama.

Akwai tarko a nan. Kowane kamfani yana da sunan da yake kiran zum na manhaja: Sony na cewa Clear Image Zoom, Nikon Dynamic Fine Zoom, Canon ZoomPlus. Duk yankan hoto ne. Lambar da aka rubuta wa optical, wato ta gilashi, ita kaɗai za ka lissafa. Akwai kuma wasu kyamarori marasa sanannen suna da suka cika kasuwannin intanet, da manyan lambobin megafiksel da 4K da "16x" a jikin kwali. Gilashinsu ba ya motsi ko kaɗan. Araha ba ta ado, ka wuce su.

Mataki na uku: haske, inda ainihin bambancin yake

Nan nake so ka daɗe, don nan ne mafi yawan masu saye ke yin da-na-sani. A cikin kowace kyamara akwai sensa, ɗan faifan da haske ke sauka a kai ya zama hoto. A wannan iyalin girma biyu ne. Akwai wanda ake rubuta wa 1/2.3, faɗinsa wajen milimita 6.2, tsayinsa 4.6, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Akwai kuma wanda ake kira inci ɗaya, 13.2 da 8.8, wanda ya ninka na farkon kusan sau huɗu. Wanda ya fi faɗi ya fi tara haske, kamar yadda baho ya fi kofi tara ruwan sama.

Girman jikin kyamara ba ya nuna girman sensa. Nikon P1000, wadda ta haura kilo 1.4, ƙaramin sensan nan ne a cikinta, girmansa ɗaya da na Canon SX740 HS mai shiga aljihu. Ƙanƙantar sensan ce ma ta sa aka iya kaiwa 3000mm, domin ainihin tsawon gilashin 539mm ne. Ita kuma Panasonic TZ200 tana shiga aljihu, amma sensanta inci ɗaya ne, sai dai a 360mm ta tsaya. Ƙa'idar ke nan: duk inda nisa ya yi yawa sensa ya ƙanƙance, duk inda sensa ya girma nisa ya ragu. Don haka zaɓin ba biyu ba ne, huɗu ne: 'yar aljihu mai ƙaramin sensa ko mai babba, 'yar gada mai ƙarami ko mai babba.

Sai ƙofar haske, wato lambar da ke bin harafin f. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Za ka ga an rubuta biyu, misali f/3.3-6.4. Ta farkon ta lokacin da gilashi ke a takure ce, ta biyun ta lokacin da ya miƙe gaba ɗaya, kuma ta biyun ce ta shafe ka tunda don jawowa kake saye. 'Yan aljihu a ƙarshen zum suna tsukewa zuwa f/6.4 ko f/6.9, saboda babu wurin babban gilashi a jikinsu. Panasonic FZ300, wadda ta fito a 2015, tana riƙe f/2.8 tun daga 25mm har 600mm. Tsakanin f/2.8 da f/6.4 haske ya ninka fiye da sau biyar.

Na ga amfanin wannan a Hawan Daushe, shekarun baya. Hawan yamma ne, kuma kafin a iso Ƙofar Kudu a fara jahi rana ta yi sanyi, ƙurar kofato ta tashi ta ƙara rage haske. Doki a guje yana son ƙyaftawar 1/1000 na daƙiƙa in ana so ƙafafunsa su tsaya cak. 'Yar aljihuna a ƙarshen zum ba ta iya ba ni wannan saurin sai ta ɗaga ISO, wato ƙarfin da sensa ke ƙara wa hasken da ya samu, zuwa 1600 ko fiye, kuma ƙaramin sensa a nan yana watsa wa hoto ɗige-ɗige kamar yashi, adon alkyabba ya dame, rawani ya zama dunƙule. Wani dattijo da ke gefena da FZ1000, mai inci ɗaya da f/4 a 400mm, ya nuna mini nasa: har zaren azurfa na jikin linzami ana gani. Zum ɗinsa 16x ne, nawa 30x.

Megafiksel kada ya dame ka. Kusan duk suna tsakanin 12 da 20, kuma kowanne ya isa a wanke babban hoton bango. Abin da zan ce ka duba shi ne ko tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da za ka iya gyara haskensa a kwamfuta. SX740 HS ba ta yi, Sony HX99 da Nikon P950 suna yi. In ba ka da niyyar zama gyaran hoto, wannan ma bar shi.

Mataki na huɗu: riƙo, tagar leƙe da nauyi

A 1000mm, numfashinka da bugun zuciyarka duk suna bayyana a hoto. Dukkan waɗannan kyamarori suna da na'urar rage girgiza a cikin gilashi, kuma tana taimakawa ƙwarai, amma girgizar hannunka take ragewa, ba ta tsayar da abin da ke gudu. Abin da ya fi ta shi ne yadda ka riƙe. 'Yar gada tana da mariƙi mai cika hannun dama, hagu yana tallabe gilashi daga ƙasa, tagar leƙe, wato 'yar kafar da ake kanga ido a ga hoton, tana manne da ido, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. Wuri uku ke nan ta jingina. 'Yar aljihu kuwa a kan yatsu take, hannu a miƙe, kana kallon sikirin. Abin da ya sa kurciya ta kuɓuce wa ɗan yayata ke nan.

Tagar leƙe ba ado ba ce a ƙasarmu. Tsakar rana a watan Afrilu sikirin yana zama baƙin madubi, fuskarka kaɗai za ka gani. Wasu 'yan aljihu suna da ƙaramar taga, irin su Panasonic TZ95 da Sony HX99. SX740 HS ba ta da ita, haka ma TZ99 da ta shigo kasuwa a 2025, an cire mata. In a waje za ka fi aiki, ni ba zan sayi marar taga ba.

Nemi kuma maɓallin da ke janye zum na ɗan lokaci. Idan abu ya ɓace maka sai ka danna, hoto ya buɗe, ka gano shi, ka saki, ya koma inda yake. Canon da Nikon da Panasonic duk suna da irinsa a yawancin masu dogon zum, kuma ga mai bin tsuntsu ya fi ƙarin 500mm amfani.

Amma ga inda 'yar aljihu ke rama nata. HX99 giram 242 ce, SX740 HS wajen 300. FZ82 da Canon SX70 HS sun ɗan haura 600, P950 kilo ɗaya, Sony RX10 IV kusan 1.1. Kilo ɗaya a wuya tun safe har azahar ba wasa ba ne, kuma sai da jaka ta musamman. Na yi tafiye-tafiye da dama na bar babbar a gida saboda kaya sun yi yawa, na dawo da hotunan da ƙaramar ta ɗauka, waɗanda da babu ita da babu su. Tambayi kanka da gaskiya: fita kake yi don ɗaukar hoto, ko ɗaukar hoto kake yi idan ka fita? Na farko mutumin 'yar gada ne, na biyu na 'yar aljihu.

Babbar kyamara tana jawo ido. A kasuwa ko tasha nan da nan za a ɗauke ka ɗan jarida. Kusa da bariki, filin jirgi ko shingen jami'an tsaro, mayar da ita jaka, kowace iri ce. Kuma gilashin da ke kawo maka gauraka daga tsallaken fadama zai iya kawo tsakar gidan mutane. Wannan amana ce a hannunka. Nemi izini kafin ka ɗauki mutum, kada ka juya ta wajen katangar kowa.

Mataki na biyar: ƙura, zafi da batir

Duk gilashin da ke fita yana komawa, iska yake shaƙa yana fitarwa, kamar zugazugin maƙeri. A lokacin hunturu ƙura ce ke bin iskar. Tunda gilashin ba ya cirewa, in ƙwaya ɗaya ta sauka a kan sensa ba ka da hanyar gogewa sai an kwance kyamarar. Haka ta faru da 'yar aljihuna bayan wancan hawan: wani baƙin tabo ya fito a saman kowane hoto mai sararin sama. 'Yan aljihu sun fi shiga wannan haɗari, saboda aljihu kansa matattarar ƙura da zare ne. Sa ta a 'yar jaka mai zif kafin ta shiga aljihu. Daga cikin 'yan gada, FZ300 da RX10 IV an yi musu kariyar ƙura da yayyafi, wanda a wurinmu babban abu ne. Yawancinsu kuma suna da zare a bakin gilashi da za ka ɗaura filta mai kare shi: 52mm a FZ300, 55mm a FZ82, 67mm a P950.

Zafi ma yana cin hoto. Da rana ta take, iska mai zafi tana tasowa daga ƙasa tana rawa, irin wadda ke sa kawalwalniya a kan kwalta. Ido ba ya damuwa da ita, amma 2000mm yana tattaro rawar duk iskar da ke tsakaninka da abin. Giwa a Yankari daga mita 300 da azahar za ta fito kamar ana kallonta ta cikin ruwa, ko da wace kyamara ce. Hazo kuma yana wanke launi. Maganin shi ne sammako da matsawa kusa. Masu zuwa dausayin Haɗeja da Nguru kallon tsuntsayen da ke ƙaurowa daga Turai da sanyi sun san aikin na farkon safiya ne.

Batir kuwa, ƙiyasin kamfani na SX740 HS hoto 265 ne, na P1000 kuma 250, kuma yawan zuƙowa da bidiyo suna rage shi. Kowacce ka saya, haɗa da batir na biyu. Ka fifita wadda ake caja ta USB, domin fawa bank ya cece ka ranar da babu wuta.

Mataki na shida: yanke shawara

Koma kan takardarka. In tafiya ce da yawo da taron iyali da rana, kuma ka san ba za ka ɗauki jaka ba, 'yar aljihu mai 30x da tagar leƙe, TZ95 ko HX99. In ka fi son kyan hoto a kan nisa, TZ200 ko Sony RX100 VII, wadda ta tsaya a 200mm amma take kama abu mai motsi da sauri, sai dai da tsada. In hawa ne, ƙwallo, dambe, sukuwa ko duk abin da ke gudu da yamma, FZ1000 ko FZ300, ko RX10 IV ga mai hali, wadda ta haɗa inci ɗaya da 600mm da f/4. In tsuntsaye ne da wata, P950, wadda har saitin wata da na kallon tsuntsu take da su a kan majuyinta. P1000 da magajiyarta P1100 sai wanda ya yarda zai riƙa ɗaukar ƙafa-uku. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son koyo, FZ82 makaranta ce mai kyau da rana. Mai bidiyo ya duba ramin makirfo: FZ300, FZ1000, P950 da SX70 HS suna da shi, yawancin 'yan aljihu babu.

Da a ce guda ɗaya za a bar mini a arewa, FZ300 ko FZ1000 zan riƙe. Ƙura da hasken yamma su suka fi yawa a abin da nake ɗauka.

Kada shekarar fitowa ta tsorata ka. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120, zuwa 2020 adadin ya faɗi ƙasa da miliyan 10, waya ta cinye kasuwar. Shi ya sa sababbin samfura suka yi ƙaranci, kuma waɗanda suka fito kwanan nan, irin su FZ82D ta 2024 da P1100 ta 2025, gilashinsu na da ne, an dai ƙara musu abubuwa irin su ramin USB-C. Ka kuma san Panasonic tana sauya suna da ƙasa: TZ a Turai ita ce ZS a Amurka, FZ82 ita ce FZ80, FZ330 ita ce FZ300.

Mataki na bakwai: gwaji a gaban mai shago

Yawancinmu ta hannu za mu saya, don haka je da memorinka da lokacinka. Ka ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in gwada ta a waje," mai kaya nagari ba zai hana ba. Kunna ta ka kashe sau biyar, kunne a kusa. Gilashi ya fita sumul ya koma sumul. Ƙarar ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa tsakuwa, ko tsayawa a hanya, alamar yashi ne a cikin haƙoran, kuma gyaransa kan kusa kuɗin wata kyamarar.

Sannan jawo zum har ƙarshe, juya majuyi zuwa A ko Av, inda kai ke zaɓen ƙofar haske, tsuke ƙofa zuwa f/8, ka ɗauki sararin sama nesa da rana, ko farar takarda. Buɗa hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa. Duk baƙin tabon da ya tsaya wuri ɗaya a hoto biyu ƙura ce a kan sensa. Haska fitilar waya cikin gilashi daga gefe: 'yar ƙura ba komai, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, ta kayan da suka daɗe a wuri mai laima, kuma yaɗuwa take yi. Ajiye ta ka nemi wata.

Ɗauki allon wani shago daga tsallaken titi a ƙarshen zum, ka danna maɓalli rabi. Hoton ya kamata ya lafa ya daina rawa, alamar na'urar rage girgiza tana aiki. Karanta rubutun a tsakiya da gefe huɗu. In gefe ɗaya ya fi sauran dishi-dishi, ta taɓa faɗuwa. Leƙa taga, juya ɗan majuyin da ke gefenta har rubutun ciki ya fito daidai idonka. Cire batir ka aza a kan tebur, in yana lilo ya kumbura. Yi bidiyon minti biyu ka saurari sauti. Memori kuwa, mai alamar U3 ko V30 za ka saya in za ka ɗauki 4K, kuma ka cika shi da bidiyo tun ranar farko ka duba ko duka suna buɗewa, domin na jabu yana nuna girman da ba shi da shi.

Makon farko a gida

Shiga saiti ka kashe zum na manhaja, don kada ta tsallake iyakar gilashi ba ka sani ba. Ƙayyade ISO kada ya wuce 800 a ƙaramin sensa, ko 3200 a inci ɗaya. Ga abu mai motsi, juya zuwa S ko Tv, inda kai ke zaɓen saurin ƙyaftawa, ka sa 1/1000, ka kunna ɗauka a jere. Mayar da wurin kama abu ɗigo ɗaya a tsakiya, in ba haka ba reshen gaba za ta kama ta bar tsuntsun. Kada ka tsuke ƙofa a ƙaramin sensa sai dole, a buɗe ya fi kaifi. Kada ka taɓa nuna ta ga rana da zum a miƙe, yana ƙona sensa. Gilashi kuwa hura masa iska da famfon roba kafin ka goga, domin ƙurar hunturu tana karce shi in aka goga ta a bushe da bakin riga. Da damina jefa 'yan ƙunshin silika na kwalin takalmi a cikin jakar.

Ɗan yayata da ya cika takardarsa, abu biyu cikin uku wasan ƙwallon unguwa ne bayan la'asar, na ukun kuma tantabarun da yake kiwo. Babu ɗaya daga cikin biyun da aka turo masa da ta dace. Mun nemo FZ300 ta hannu, muka yi mata gwajin sararin sama a bakin shagon, ya ƙara kuɗin filta da batir na biyu. Yanzu da asuba nake jin motsinsa a soro, yana jiran tantabaru su sauka a kan rufi.